Dami Uku da Kowa Ya Ƙi Karɓa

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a cikin garin Kankara aka canza mamu malamin nazarin zamantakewa. Wanda ya tafi hanyarsa guda ce: ya cika allo da Turanci, mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar mashi da kayansa. Ina iya zubo ma'anar dimokuraɗiyya ba ko tuntuɓe, amma da za a tare ni a hanya a ce in faɗe ta da Hausa, sai dai in sunkuyar da kai in yi ta wasa da bakin hijabina.

Sabon malamin mutumin wajen Faskari ne, dogo siriri, kullum gefen rigarsa fari fat da alli don a nan yake goge hannu. Juma'arsa ta farko ya rubuta kalma ɗaya tak a tsakiyar allo, ya faɗi Hausarta, sannan ya ba mu aikin da ba a taɓa ba mu irinsa ba. Ya ce kowa ya tafi da kalmar gida, ya nemi mutum biyu ko uku da ba su taɓa zama ajin boko ba, ya tambaye su abin da suka fahimta da ita, ya rubuta yadda suka faɗa ba gyara, ko da ya ga kamar sun saki hanya. Ranar Litinin mu karanta a aji, sannan a buɗe littafi a ga inda aka haɗu da inda aka rabu.

Kalmar farko gwamnati ce. Kakar wata 'yar ajinmu ta ce gwamnati ita ce matan nan masu rataye da akwatin ƙanƙara suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara magani. Wani mai faci a bakin tasha ya ce ita ce wadda in za ta yi titi ba ta tambayar gidan wa za ta bi ta kai. Ni kuwa na tambayi Bafulatanar da ke kawo mamu nono daga wata ruga a hanyar Pauwa, ta ce tana jin labarin gwamnati a rediyo, amma ba su taɓa gaisawa ba. Ajin ya kwashe da dariya. Malam ya jira muka gama, ya rubuta maganarta a allo, ya ce wa zai gaya mashi dalilin da ya sa mace mai shekara hamsin a ƙasar nan za ta faɗi haka. Muka cinye darasin nan kaf a kan wannan tambayar.

Daga ranar abin ya shiga raina. Aka ba mu doka, aka ba mu ɗan ƙasa, aka ba mu ƙuri'a, wadda wani tsohon mahauci ya gaya mani ai tsinke ne da ake ja in an yi watanda, don kada a ce mai rabon nama ya zaɓar wa kansa kashi mai tsoka. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai na tsare shi da littafi da biro, har babana ya fara gargaɗin abokansa tun daga zaure cewa su yi hattara, akwai 'yar jarida a ciki.

Ana cikin girbin dawa malam ya ba mu haƙƙi. Kalmar Turancin ma ta ɗaure mani kai, don ita ce dai wadda muka sani tun firamare da ma'anar hannun dama, kuma ita ce malamin lissafi ke faɗa in ka ci daidai. Wannan karon tun a ranar malam ya karanto mamu jerin da ke cikin littafi: haƙƙin rayuwa, haƙƙin faɗin albarkacin baki, haƙƙin mallakar dukiya, haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke mashi hukunci. Ya ce an rubuta su a kundin tsarin mulki, kuma wanda aka tauye wa nasa yana iya zuwa kotu ya nema. Na fito aji ina jin kamar an ba ni wata kyauta da na daɗe da ita ban sani ba.

Na iske innata tana tankaɗe a tsakar gida. Ko jaka ban ajiye ba na tambaye ta mene ne haƙƙi. Ba ta ɗago ba, ta ce abin tsoro ne. Ta ce haƙƙin mutum in ka ɗauke shi, ko allura ce, yana wuyanka har sai mai shi ya yafe, kuma shi ne abin da ke bin mutum ya hana shi ganin daidai. Na ce mata malam ya ce abu ne mai kyau, namu ne, kowa yana da shi. Ta buga rariya a tafin hannu ta ce, "To, Allah ya raba mu da na mutane dai."

Na rubuta, amma raina bai kwanta ba. Littafi ya nuna mani abin da ake riƙewa a hannu ana nema a ƙara, inna kuma ta nuna mani kayan da ake gudu a ɗora wa mutum a ka. Na rasa yadda kalma guda za ta zama duka biyun.

Da la'asar sai ga kawuna, ƙanin inna, ya zo daga Mabai a kan babur sayen buhuna da man shafawa na gwiwar kakana. Lokacin hanyar tana da lafiya, ana bin ta safe da yamma ba fargaba. Na roƙi inna ta bar ni in bi shi in dawo ranar Lahadi, don in akwai wanda bai taɓa leƙa ajin boko ba kuma ba ya rasa amsa, to kakana ne. Ta ɗaure wa kakana ƙullin daddawa da kuka ta ba ni, muka tafi.

Washegari da hantsi na same shi zaune a kan buzu a ƙofar gida, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Baba muke ce mashi gaba ɗayanmu, 'ya'ya da jikoki. Na gaishe shi, muka taɓa wasan da muka saba, ya ce boko ya ramar da ni, na ce tsufa ya cinye mashi haƙora, sannan na buɗe littafi na yi tambayata. Ya dube ni, ya dubi wasu damman dawa guda uku da aka jingine daban a gefen rumbu, ya ce in rufe littafin in ɗauko mashi sandarsa, akwai inda za mu.

A hanya kawu ya ba ni labarin damman nan, yana turo su a baro a bayanmu. Gonar Baba ta yi iyaka da ta wani maƙwabcinsa da ya rasu a farkon daminar nan, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Gamba ce a kan iyakar, to da rani wuta ta cinye ta. Da ruwa ya sauka matar tana cikin takaba, ba wanda ya taɓa wannan ɓangaren na gonarsu. Mai shanun huɗa da kawu ya ɗauko baƙo ne, bai san wurin ba, ya zarce da kunya biyu cikin gonar mamacin, kawu kuma ya bi ya shuka bai lura ba. Baba yana fama da gwiwa, bai kai ƙarshen gonar ba sai da dawa ta yi tsawon mutum. Yana zuwa ya ga wani kututturen kanya, wanda ya san tun yana yaro a gonar maƙwabci yake, ya koma cikin dawarsa. Kawu ya ce ranar ya sha faɗan da bai taɓa sha ba. Baba ya sa aka ɗaura tsumma a karan farko na kunyoyin nan biyu, da girbi ya zo aka yanke su daban, aka ɗaure su daban. Su ne dami ukun.

Muka yi sallama a ƙofar gidan matar. Ta fito, mace ce gajera mai kimanin shekara arba'in, hannunta duk dusa. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, ya yi mata bayani a taƙaice, ya ce ga hatsin gonarta ya kawo, ta yafe mashi shigar da aka yi.

Ta ce ba ta karɓa. Ita ba ta ba da iri ba, ba ta yi noma ba, ba ta kori tsuntsu ba, in ta ci wannan dawar ta ci gumin wasu. Baba ya ce ƙasarta ce ta haifar da ita, shi kuma bai ari ƙasar ba, ba zai zuba abin da ya fito daga cikinta a rumbunsa ba. Ta ce to ita ma ba ta zubawa a nata. Suka yi ta mayar wa juna cikin ladabi, shi yana ce mata ɗiyata, ita tana ce mashi Baba, murya ƙasa-ƙasa, amma ba mai matsawa ko taƙi ɗaya.

"Haƙƙinki ne, ɗiyata. Kada ki bar ni da shi, na tsufa."

"Baba, in na ɗauka haƙƙinku ne zai hau kaina. Ni ma ina da inda za ni."

Ni ina tsaye riƙe da takalman Baba da ya tuɓe. Jiya-jiyan nan aka ce mani mutane kan je kotu don a ba su haƙƙinsu, yau ga mutum biyu kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Kawu ya gaji da riƙon baro ya ajiye ya zauna a kan turmi. Da aka kai karo na uku, Baba ya dube ta ya ce tun da haka ne, su je gaban mai unguwa ya raba su. Ta ce ta yarda, bari ta sa hijabi.

A zauren mai unguwa muka iske liman da wasu dattawa uku suna hira. Maza suka shiga, matar ta durƙusa daga bakin ƙofa, ni kuma na raɓa kusa da ita kamar ba na ji. Mai unguwa ya saurari Baba har ya gama, ya saurare ta har ta gama, bai katse kowa ba. Na tuna da jerin malam, na ce a raina ashe ga guda ɗaya nan ana yi a gabana. Da suka ƙare ya yi 'yar dariya ya ce shekarunsa da yawa yana raba masu cewa nawa ne, yau ga masu cewa ba nawa ba ne. Amma ya ce ba ya yanke magana a kan gonar da bai gani da idonsa ba.

Haka muka ɗunguma gaba ɗaya zuwa gona da rana tsaka, ana tafiya a hankali saboda gwiwar Baba. Aka sami kututturen kanya. Ɗaya daga cikin dattawan, wanda ya yi noma tare da mahaifin mamacin, ya taka daga kututturen zuwa wani suri ya ce nan iyakar take tun fil azal. Baba ya ce haka ne. Matar ta ce haka mai gidanta ya nuna mata. Mai unguwa ya sa kawu ya saro rassan aduruku aka kafa bi da bi a kan layin, ya ce in damina ta zo a sake dasa gamba, kuma duk wanda ke wurin shaida ne.

Sai a nan liman ya yi magana a kan hatsin. Ya ce wa matar ai gonar ba tata ce ita kaɗai ba, marayu suna da kaso mafi yawa a ciki, kuma ba ta da ikon yafe abin da yake nasu. Ya ce wa Baba shi ma iri da wahalar 'ya'yansa ba su zama haram ba don an yi kuskure. Aka tsaya a kan dami ɗaya na marayu ne ladan ƙasarsu, biyu na Baba. Matar ta ce ta karɓa a madadin yara. Baba ya ce ya ji, amma fuskarsa ba ta nuna ya ji daɗi ba. Damman nan biyu ba su shiga rumbunsa ba. Daga baya inna ta gaya mani ya sa an sussuke su an dama kunu, aka yi ta raba shi sadaka ranakun Juma'a har ya ƙare.

Ranar Litinin na karanta duk wannan a aji, shafi uku cur. Wani ɗan ajinmu da babansa ke awon hatsi a kasuwar Yankara ya ce shi babansa cewa ya yi haƙƙi shi ne a cika mudu har ya yi tozo. Wata kuma da gwaggonta ta zo daga Sabuwa ta kawo amsar gwaggon cewa haƙƙi shi ne abin da in ba ka buɗe baki ba, sai a cinye a ce ba ka so. Aka kaure da gardama. Masu goyon bayan gwaggon Sabuwa suka ce matar Mabai ta yi wauta, mai marayu biyar ba ta mayar da hatsi. Ni na tsaya kai da fata cewa tsoron Allah ne, kuma ya fi abin da ke cikin littafi.

Malam ya ja layi a tsakiyar allo. Gefe guda ya rubuta abin da yake naka a wurin mutane, ɗaya gefen abin da yake na mutane a wurinka. Ya ce Turawa sun ba kowanne sunansa, na biyun ma shi ne darasinmu na mako mai zuwa, amma Bahaushe ya zuba su a ƙwarya ɗaya, sai ka duba wanda ke magana kafin ka san wanne ake nufi. Na ɗaga hannu na tambaye shi wanne zan rubuta in ya fito a jarrabawa. Ya ce in rubuta na littafi, don mai duba takardata bai san kakana ba, amma kada in yar da shafukan nan uku.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Sai da bazara, ana zafin nan da ko inuwa ba ta da sanyi, matar Mabai ta kawo ƙaramin ɗanta asibiti a Kankara. Mutanen Mabai in sun shigo gari gidanmu suke yada zango, don haka ta biyo ta yi azahar kafin ta sami mota. Na kai mata ruwa da fura, na zauna kusa da ita ina yi wa yaron fifita. Na gaya mata na ba da labarinta a makaranta, kuma na kare ta da aka ce ta yi wauta. Ta yi dariya har tana riƙe baki. Ta ce ta gode, amma in gaya wa 'yan ajinmu ita ba waliyyiya ba ce, kuma a ranar da aka kai mata damman, gidanta ko tiya biyar ta hatsi babu.

Na ce to me ya sa ta ƙi karɓa?

Ta ajiye ludayi ta ce, "Da na karɓa a ƙofar gida, wa ya gani? Ni da Baba da kawunki. Baba tsoho ne, ni mace ce, yarana ƙanana. Gamba ta ƙone. Baɗi wani ya sake bin kunyar da ya gani, a ce ai bara ma nan aka noma, kuma an ba ta hatsi ta amsa. Shekara goma, wa za ya tuna kututture? Ni ba dawar nike so ba, so nike a tafi gonar ga da mutane."

Ta ce tsoron cin gumin wani da ta faɗa ba ƙarya ba ne, yana nan a ranta. Amma ba ta da fuskar da za ta kai ƙarar dattijo kamar Baba a kan abin da shi da kansa ya zo ya faɗa, kuma ba ta iya cewa a zo a auna mata gona kamar tana zarginsa. Hanyar da ta gani ita ce ta ƙi, ta ƙi, har shi ya ambaci mai unguwa da bakinsa.

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na tsaya a aji ina rantsuwa a kai ya zama rabin labari, gwaggon Sabuwa kuma da na raina amsarta ta fi ni kusa da matar. Wani abu kuma ya dame ni: ko Baba ya san an bi da shi ta wannan hanyar? In bai sani ba, ban so in zama mai gaya mashi. In ya sani, ina son in ji.

Da aka yi hutu na je Mabai, na yi ta kewaye-kewaye kwana biyu, rana ta uku yana gyaran ƙotar fartanya na tambaye shi a kaikaice ko ya taɓa tunanin dalilin da ya sa ta ƙi. Bai bar abin da yake yi ba. Ya ce a karo na farko ya ɗauka kunya ce, a na biyu ya ɗauka taƙawa ce, a na uku ya dubi yaran da ke leƙe ta bayan zana ya san mai ciyar da waɗannan ba ta ƙin hatsi sai da dalili. Ya ce shi ya kamata ya fara tunanin shaidu tun kafin ya fito gida, hankalinsa ya tafi ga sauke nasa kayan, ya manta da nata.

Sannan ya ce wai ni da nake ta tambayar mutane, shi littafin namu me ya ce? Ba wanda ya taɓa mayar mani da tambayar sai shi. Na shiga ɗaki na ɗauko, na nemo wurin, na karanta da Turanci sannan na yi ta lalube ina fassara mashi: cewa kowane ɗan ƙasa yana da ikon mallakar gona ko gida, kuma ba a karɓe wa mutum abinsa sai ta hanyar doka. Ya sa na maimaita mashi sau biyu. Ya buga ƙotar a ƙasa don ruwan fartanyar ya zauna, ya gwada ta a hannu.

"Wanda ya rubuta wannan," in ji shi, "an taɓa ci mashi iyaka."